Matar da Aure Ya Ƙi: Ina Za Ta Nemi Taimakon Shari'a?

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a ƙasar Hausa ya san irin tsanantawar da ake yi a wannan rana, domin ba a shafa fatiha sai an ga waliyyi, an ga wakilin ango, an ambaci sadaki a gaban shaidu, an tabbatar ko lakadan ne ko ajalan, sa'an nan maroƙi ya ɗaga murya ya isar wa na nesa abin da na kusa suka ji. Amma idan auren nan ya zo mutuwa, galibi ba a tara kowa. Miji ne zai yago takarda daga littafin makarantar ɗansa ya rubuta layi biyu, ko kuwa a zamanin nan ya aika da saƙo ta waya, mace ta yafa mayafinta ta fita, ta bar gado da kwanuka da 'ya'ya, alhali ba ta san abin da shari'a ta ba ta ba, balle ta san wurin da za ta je ta nema.

Abin da ya fi damuna cikin wannan lamari shi ne, mazhabar Imamu Malik wadda kotunanmu suke hukunci da ita tana cikin mafi yalwar mazhabobi wajen buɗe wa mace hanyar fita daga auren da yake cutar da ita, har ma ƙasar Masar, wadda kotunanta suka daɗe a kan mazhabar Abu Hanifa, sai da ta aro hukunce-hukuncen Malikiyya a dokokinta na 1920 da 1929 don ta sauƙaƙa wa matanta. Mu da muka gaji littattafan wannan mazhaba tun kaka da kakanni, muke karanta Risala da Muhtasar da Tuhfa a zauruka, mu ne kuma matanmu suke biyan kuɗi su sayi abin da shari'a ta riga ta ba su kyauta.

Wanda ya zauna a kotun shari'a a Kano ko Zariya ko Gusau da hantsi zai ga yadda abin yake faruwa. Mata suna jere a benci ɗaya, wasu da goyo, maza suna gefe guda, magatakarda yana kiran sunaye. Idan aka zo kan mace, alƙali ya ce, "Malama, mece ce ƙararki?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai na gaji, a raba mu." Kunya ba za ta bar ta ta faɗi a gaban jama'a cewa wata shida ke nan bai kawo ko mudun gero ba, ko cewa tabon da ke gefen idonta na hannunsa ne. Alƙali ya juya ga miji, shi kuwa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ina son matata." Daga wannan lokaci shari'ar ta ɗauki hanyar hul'i, watau mace ta fanshi kanta da dukiya, sai miji ya fara lissafi: sadaki, da lefe, da kuɗin gaisuwar iyaye, har da abin da ya kashe wajen biki. Matar da aka bari da yunwa ita ce za ta koma gida tana neman wanda zai ranta mata kuɗi.

Ba na ɗora wa alƙali laifin wannan duka, domin alƙali yana hukunci ne a kan da'awar da aka kawo gabansa. Gyaran yana gabanin shiga kotu. Da matar nan ta sami wanda ya zauna da ita rabin sa'a, ya tambaye ta abin da ya faru filla-filla, da ya gaya mata cewa hul'i an tanade shi ne domin macen da ta ƙi zama da miji ba tare da ya cuce ta ba, kamar matar Sabitu ɗan Ƙaisu wadda ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Wadda aka cuta kuwa tana da wata ƙofa daban, ita ce ta nemi alƙali ya sake ta a kan mijin ba tare da ta biya ko kwabo ba.

Dalilan da fuƙaha'un Malikiyya suka ambata a wannan babi sanannu ne. Akwai rashin ciyarwa da tufatarwa, inda alƙali zai yanka wa miji wa'adi gwargwadon ijtihadinsa, idan wa'adin ya cika bai kawo ba a sake ta. Akwai cuta, wadda ta haɗa da duka mai raɗaɗi, da zagin mace da iyayenta, da ƙaurace wa shimfiɗarta, da daina yi mata magana ba bisa wani dalili na shari'a ba, kuma Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa idan cutar ta tabbata, ba sharaɗi ba ne sai shaidu sun ce an maimaita ta. Akwai ila'i, watau miji ya rantse ba zai kusanci matarsa ba fiye da wata 4. Akwai aibobi irin su hauka da kuturta da gazawar namiji, wadda ake ba shi shekara guda ya nemi magani. Sa'an nan akwai mas'alar mijin da ya ɓace, wadda ta yawaita a yau saboda masu tafiya ci-rani kudu ko ƙetare hamada zuwa Libiya a daina jin ɗuriyarsu. Mutane da yawa sun haddace cewa matar wanda ya ɓace sai ta jira shekara 4, amma sun manta cewa wannan jira yana kan wadda aka bar wa abin da za ta ci. Wadda aka bari hannu rabbana tana iya shigar da ƙara a kan rashin ciyarwa tun kafin nan.

Wani hukunci kuma da ya kamata a riƙa faɗa a makarantun matan aure yana nan a Risalar Ibn Abi Zaid, littafin da kusan kowane almajirin fiƙihu a ƙasar nan ya bi ta kansa: macen da ta biya dukiya ta fanshi kanta, daga baya ta tabbatar da cewa cuta ce ta tilasta mata, tana da ikon a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma yana nan daram. Mata nawa ne suka sayar da akuya ko keken ɗinki suka biya, ba su taɓa jin wannan ba?

Wuyar aikin tana wajen tabbatar da cuta, domin ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, ga shi kuwa abin da ke faruwa a ɗaka ba kowa ke ganinsa ba. Malamai ba su gafala daga wannan ba, shi ya sa suka karɓi shaidar ji a wannan babi, watau labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta har ya zama sananne cewa wane yana cutar da matarsa. Saboda haka mai ba da shawara na gari zai ce da mace kada ta yar da katin asibitin da aka duba ta ranar da aka doke ta, kada ta goge saƙonnin zagi daga wayarta, ta kuma tuna ranar da ta kai kuka wurin mai unguwa ko limami da waɗanda suke zaune a wurin. Idan kuma ƙara ta yi ta maimaituwa hujja ba ta samu ba, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, kuma a Malikiyya waɗannan biyun suna da ikon su raba auren idan gyara ya faskara, ko da mijin bai so ba.

Mutuwar aure ba ita ce ƙarshen shari'a ba, sau da yawa ma a nan take farawa. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta har ta gama idda, amma al'adarmu ta rinjayi karatunmu, har ya zama abin kunya ne mace ta kwana a gidan bayan an miƙa mata takarda. A sakin da ake iya kome, ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna kan miji har idda ta cika, idan ɗayansu ya rasu a ciki ɗayan ya gaje shi. A sakin da babu kome tana da wurin zama, idan kuma tana da ciki a ciyar da ita har ta haihu, bayan haihuwa tana iya neman ladan shayarwa.

Maganar 'ya'ya ita ce ta fi kowace ɗaci. An saba a garuruwa da ƙauyuka cewa da zarar an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauke shi, a kai wa kishiyar uwa ko wata gwaggo, ana cewa ɗa na uba ne. Nasaba da walicci lalle na uba ne, amma riƙo, wanda malamai suke kira hadana, na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta, kafin a waiwayi dangin uba, kuma duk inda yaron yake, abincinsa da suturarsa da maganinsa suna wuyan ubansa gwargwadon ƙarfinsa. A nan akwai wani rami da ya kamata a yi hattara da shi, domin miji yana iya sa sharaɗi a cikin hul'i cewa mace ta sarayar da riƙon 'ya'ya ko ta ɗauki nauyin ciyar da su, ita kuwa don ƙosawa ta ce ta yarda, magatakarda ya rubuta. Kalma ɗaya da aka furta cikin ɓacin rai tana iya raba uwa da 'ya'yanta shekaru.

Kayan ɗaki kuwa hukuncinsu a sarari yake. Abin da iyayenta suka yi mata nata ne, sadakinta nata ne, idan kuma aka yi jayayya a kan wani abu babu shaida, abin da aka saba na mata ne a ba ta tare da rantsuwa, abin da aka saba na maza ne a ba shi tare da rantsuwa. Iyayen da suka ajiye rasiɗin gado da kujeru da firiji, ko suka rubuta jerin kayan ranar jere a gaban mata biyu daga kowane ɓangare, sun hutar da 'yarsu daga doguwar husuma.

Dalilin da ya sa talakawanmu ba su saba haɗa lauya da kotun alƙali ba yana da tarihi. A zamanin En'e doka ba ta barin lauya ya tsaya a gaban alƙali, sai dai mutum ya yi magana da bakinsa ko ya wakilta wani nasa. An kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a 1956, aka maye gurbinta da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa a 1960, inda Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta rufe kotunan sarakuna, ta kafa kotunan yanki, bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999 kuma jihohi da dama suka mayar da su kotunan shari'a. A yau lauyoyi suna tsayawa a waɗannan kotuna kullum, kuma jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye ɗaliban da suka haɗa karatun shari'ar Musulunci da na dokar ƙasa. Sai dai tunanin dā bai gushe ba, har yanzu ana ganin macen da ta ɗauki lauya a kan mijinta ta yi rashin kunya, alhali wakilci a husuma babi ne sananne a fiƙihu.

Amfanin lauya ya fi bayyana wajen ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha ikon duba shari'o'in aure da mutuwarsa da riƙon yara da gado da wasiyya, daga nan kuma hanya a buɗe take zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya har Kotun Ƙoli. Wanda ya san aikin zai karɓi kwafin shari'a ya duba ko an saurari shaidu yadda ya kamata, ko kuɗin hul'in da aka yanka ya wuce hankali, ko kuma an yi i'izari, watau alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja kafin a yanke, domin rashin wannan kaɗai yana sa a rushe hukunci.

To, wadda ba ta da kuɗin lauya fa? Wuri mafi kusa ga yawancin mutanen Kano shi ne ofishin Hisba, wadda aka yi mata doka a 2003, kuma rikicin aure yana cikin manyan abubuwan da take sulhuntawa, ba tare da kuɗin shigar da ƙara irin na kotu ba. Sulhu alheri ne, kuma gidaje da yawa sun tsaya saboda shi, amma a sani Hisba ba kotu ba ce, ba ta da ikon sakin mace a kan mijinta. Ina kuma ganin duk sulhun da aka tashi daga gare shi ba a ce da kowa ya yi haƙuri ba sai matar, wannan danne haƙƙi ne aka sa masa sunan sulhu. Abin da aka daidaita a kai, musamman kuɗin abincin yara na wata-wata, a rubuta shi, a sa hannu, in da hali a kai gaban alƙali ya tabbatar, don ya zama abin da za a iya tilastawa.

Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta a 1976, aka faɗaɗa aikinta da dokar 2011, tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi, an kuma yi ta ne domin waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda take aiki a Nijeriya tun 1964, tana karɓar koke-koken mata da yara kyauta. Akwai WRAPA da aka kafa a 1999, wadda ta daɗe tana aiki tare da malamai da alƙalai a jihohin arewa maso yamma a kan haƙƙoƙin mata cikin shari'ar iyali ta Musulunci. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ita ma tana karɓar ƙarar mazan da suka gudu suka bar mata da 'ya'ya. A Abuja da jihohin da suka karɓi dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, irin su Kaduna, korar mace daga gida da ƙarfi da yin watsi da iyali laifuffuka ne da ake hukunta mutum a kansu. Aibin duk waɗannan hukumomi da ƙungiyoyi shi ne a birni suke, ma'aikatansu kaɗan ne, matar da ke ƙauye kuwa kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ta zuwa. A wannan giɓi ne 'yan kamasho suke samun shiga, masu tsayawa a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, su karɓi kuɗin mace su bar ta da takardar da ba ta da amfani.

Maza ma ba su wadatu daga shawara ba. Mutum zai furta saki uku cikin fushi, gari ya waye yana yawo daga wannan malami zuwa wancan yana neman wanda zai ce masa ɗaya ne, alhali kotu a kan mazhabar Malik take, ko kuwa a shirya masa auren kisan wuta wanda ɓatacce ne a wannan mazhaba. Wani kuma an hana shi ganin 'ya'yansa, bai san cewa kotu tana iya yanka masa ranakun ziyara ba. 'Yan'uwanmu Kirista kuwa, na Wusasa da Sabon Gari da sauran wurare, waɗanda suka yi auren rajista, su sani cewa aurensu yana ƙarƙashin dokar 1970 ne, babbar kotun jiha ce kaɗai take raba shi, bisa dalilin cewa ya lalace yadda ba zai gyaru ba, kuma galibi ba a karɓar ƙarar kafin auren ya cika shekara 2 sai da iznin kotu. Wannan hanya ba ta biyuwa sai da lauya.

Kukan nan ba sabo ba ne. Tun a 1956 Malam Isa Wali ya yi rubutu a jarida a kan matsayin mata a Musulunci da yadda al'ada ta tauye su. A 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta yi yunƙurin fito da zawarawan Kano zanga-zanga, hukuma ta hana. A 2017, wajen taron cika shekara 50 da rasuwar Isa Wali, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya bayyana cewa malamai suna tsara kundin dokar iyali, maganar da ta jawo muhawara mai zafi. Gwamnatin Kano ta aurar da zawarawa 100 a karon farko a 2012, ta aurar da mata 1,800 a 2023, kuma ban raina wannan ƙoƙari ba. Amma gwamnatin da ta iya sayen gadaje da katifu masu yawa haka tana iya ɗaukar albashin lauya mace guda a kowace babbar kotun shari'a, wadda aikinta kawai ta saurari mace kafin ta shigar da ƙara. Maroko, ƙasar Malikiyya irin tamu, ta sabunta kundin dokar iyalinta a 2004, ta mayar da saki abin da ake yi a ƙarƙashin kulawar kotu. Ba lalle ne mu kwafi duk abin da suka yi ba, amma rubuta hukunce-hukuncen da muka riga muka yarda da su cikin Hausa mai sauƙi, a liƙa a bangon kowace kotu, a karanta a rediyo, ba ya buƙatar sabon ijtihadi.

Kafin a kai ga wannan, ina roƙon malaman Islamiyya da suke karantar da matan aure babin tsarki da salla su ƙarasa da su zuwa babin saki da idda da hadana, ina kuma roƙon limaman Juma'a su ware huɗuba a kan haƙƙin wadda aka saka kamar yadda suke warewa a kan biyayyar aure. Kai kuma mai karatu, idan kana da 'ya ko ƙanwa da aka yanke wa hukuncin da ba ta gamsu da shi ba, ka kai ta wurin lauya ko ɗaya daga cikin ofisoshin nan cikin wannan mako, domin wa'adin da alƙalai suke bayarwa na ɗaukaka ƙara kwana 30 ne daga ranar hukunci.